Bugun Habu a Fakon Gafasa

Watan nan taubashina Habu na Ajingi ya cika shekara arba'in da biyar da rasuwa. Kwanaki na zauna ina tuno fuskokin waɗanda muka yi sahu a kan gawarsa, sai na ga a cikin sa'o'inmu ni kaɗai na rage ina shan iska. Matarsa Hajara ta daɗe da bin sa. 'Ya'yansa mata biyu suna ƙanana ya bar su, abin da suke iya tunawa bai wuce tsayinsa da tarinsa ba. Ni ba marubucin jarida ba ne, mutumin allo ne da littattafan fiƙihu, bokon ma da gemuna na koya a ajin yaƙi da jahilci. Amma Habu ya bar mini wani kaya a wuya, kuma gwiwoyina sun fara gaya mini cewa in ban sauke shi yanzu ba, da shi za a kai ni.

Uwar Habu ƙanwar mahaifina ce, aka kai ta aure Ajingi, mu muna Gaya. Tun muna yara ba a raba mu da tsokanar juna, ni ina ce masa baƙauye, shi yana ce mini Malam Ƙarami mai cin tuwon sadaka. Da muka tasa, ni na zauna gaban mahaifina ina karatu, shi kuwa ya bi samarin garinsu cin rani Kano. Sauran suka kama dako da ga-ruwa. Shi ƙafa ta kai shi filin da Turawa suke wasan golf, wanda na ji 'yan rediyo yanzu suna ce wa ƙwallon lambu. Ya fara da ɗaukar musu jakar sanduna, daga baya aka ƙara masa da gyaran yashi. A ƙasashensu ciyawa ake shukawa kewaye da ramin da ƙwallo ke faɗawa. A Kano kuwa yashi ake kwaɓawa da baƙin mai a shimfiɗa, mutum ya ja buhu a kai ya share sawun ƙafa kafin a buga. In Turawa sun shiga cin abinci, shi da abokan aikinsa su ari sanda su yi ta gwadawa, har hannunsa ya faɗa. Rani ɗaya ya tafi yi, ya ɓige da shekaru.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba mahaifinsa ya rasu. Shi ne babba a maza, ga gandu, ga uwa, ga ƙanne. Babu wanda ya ce masa ya dawo, babu kuma wanda ya yi zaton ba zai dawo ba. Ya sauka daga mota da akwatin kwano, da sanda ɗaya mai kan ƙarfe wadda wani Bature mai komawa gida ya bar masa, da 'yan fararen ƙwallaye a cikin safa. Ana share makoki ya ɗauki fartanya. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, amma na sha ganin ya tsaya a tsakiyar kunya yana auna nisan wata tsamiya da ido.

Tsakanin Ajingi da Gafasa akwai wani fako da ko tafasa ba ya fitarwa. Ba mai noma shi, shanun Fulani ma ratsawa kawai suke yi. Nan Habu ya mayar filinsa. Da an kwashe amfanin gona sai ya haƙa ramuka ya binne gwangwanayen madara, ya ɗebo yashi a kan jaki, ya roƙi baƙin mai wajen direbobin da ke ɗaukar gyaɗa, ya kafa kara da tsumma a matsayin tuta. Yawanci da ƙwallon goruba yake bugu, don kada fararen su ɓata. Mutanen gari ba su ce ya taɓu ba, tunda gonarsa ta fi ta kowa tsabta kuma ba ya rasa jam'i. Sun dai ɗauke shi mutumin kirki mai wata 'yar lalura, kamar mai in'ina.

Wata rana ya tako keke har Gaya ya ce yana so in riƙa zuwa masa duk Alhamis, tunda ranar ba ma karatu. Na ce ni ko gora ban iya riƙewa ba. Ya ce ba bugu zan yi ba, kallo zan yi in ƙirga. Wai a wasan nan babu alƙalin da ke bin kowa da kowa, abokin tafiyarka shi ne shaidarka, kuma duk abin da ka buga kai kaɗai, komai kyansa, daidai yake da ba a yi ba. Na ce ashe Turawa ma sun san babin shaida. Wannan ne ya kama ni, ba wasan ba. Daga nan duk Alhamis ta rani ina bayansa a fako, na naɗe hannun riga, ina ja masa carbi ɗaya duk bugu ɗaya. Da mahaifina ya san aikin da carbin nan yake yi, da mun ji jiki mu biyu. Na daɗe kafin kaina ya ɗauki cewa wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani, don mu nan da yawan dami ake yabon mutum.

A tafiyar nan daga rami zuwa rami nake shan tarihin babbar gasarsu ta Birtaniya, wadda ake yi duk shekara a bakin teku. Habu ya kwashe shi ne daga bakin Turawa yana bin su da jaka, kuma yana jero waɗanda suka ci ta yadda maroƙi ke jero sarakuna. Sunayen ba su zauna mini ba, labaran ne suka zauna. Ya ce fiye da shekara ɗari da suka wuce aka fara ta a Sikotland da 'yan mutane kaɗan, kuma waɗanda suka fara cin ta ba masu hali ba ne, masu ɗaukar jaka ne da masu gyaran fili da masu haɗa sanduna. A nan yakan dakata ya dube ni ya ga ko na fahimta. Kyautar farko ɗamara ce ta jar fata, irin wadda Turawa ke ce wa fatar Maroko, shi kuwa ya dage fatar akuyoyinmu ce da fatake suka ƙetara hamada da ita. Wani saurayi, wanda ubansa ma ya sha cin gasar, ya ci sau uku a jere aka bar masa ɗamarar dungurungum. Shekara ta zagayo aka rasa abin da za a ba gwani, aka fasa gasar. Daga baya aka ƙera butar azurfa, ita ake bayarwa har yau. Saurayin nan matarsa ta rasu wajen haihuwa, shi ma bai rufa shekara ba ya bi ta, uban ya ci gaba da gyaran fili har tsufa. Duk sanda Habu ya kawo nan sai ya shiga jimami, ka ce a Ajingi aka yi rasuwar.

Wahalar ita ce gasar tana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ko gaisuwar mutuwa a tsaitsaye ake yin ta. Ba kuma mai kawo labarinta sai tashar Turanci ta Landan, a wutsiyar labarai. Shekarar da aka fara yaƙin basasa rediyo ɗaya ne a unguwarsu, na Alhaji Mamuda mai sayen gyaɗa, kuma kullum da yamma ƙofar gidansa cike take da masu son jin inda soja suka kai. Makon gasar ya zo daidai da farkon yaƙin. Habu ya daure ya daure, rannan da aka gama labarai ya matsa ya roƙi Alhaji a ɗan juya masa allura zuwa Landan. Wani dattijo da ɗansa ke soja ya tambaye shi ko can ma labarin yaƙin ake bayarwa. Habu bai iya ƙarya ba, ya ce na wasa ne. Ba wanda ya zage shi. Shirun da aka yi ne ya tashe shi, kuma ya gaya mini daga baya cewa dattijon ne da gaskiya, shi ma ya ji kunyar kansa.

Sai bayan makonni ya tsinci sakamakon a guntun jaridar da aka ƙunso masa ƙusa a ciki. Bokonsa bai wuce haɗa baƙi ba, amma sunayen 'yan wasa ba sa ɓace masa. Ya bar noman maimai a tsakiya ya tako keke har Gaya, jiƙe sharkaf, don ya gaya mini wani mutumin Ajantina ne ya ci, ɗan talakawa wanda ya fara da ɗaukar jaka, ya yi ta zuwa shekara da shekaru yana faɗuwa, sai da ya haura arba'in Allah ya ba shi. Na ce masa barka, don ban san abin da ake cewa ba. Mahaifina ya leƙo zaure ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya, wani ne ya yi nasara a Ingila. Ya ce Allah ya sa Musulmi ne, ya koma ciki. Da kaka Habu ya sayar da gyaɗa ya sayi rediyonsa, daga nan kowace damina yakan rataye shi a reshen marke, shi kaɗai a gona.

Shekarar da ta biyo, labari ya zo cewa mutumin Ajantinan nan wata babbar gasa ta suɓuce masa a Amurka, don abokin tafiyarsa ya rubuta masa bugu ɗaya fiye da wanda ya yi, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Jama'a sun ga gaskiya da idonsu, amma maganar shaida aka bi. Habu ya ce mini, "Ka ji ko, Malam Ƙarami? Ka riƙa riƙe carbin nan da kyau."

Ranin da ya bi babban farin nan na bayan yaƙi, rumbuna duk sun yi ƙasa, Habu ya rame, farar ƙwallo ɗaya tak ta rage masa a safa. Wata Alhamis da hantsi muka tsaya a gindin kuka, inda yake bugawa zuwa wani rami da ke ƙetaren ɗan kwari, nisan da in mutum yana can sai ka ɗaga murya sosai zai ji ka. Ya ajiye farar ƙwallon a kan ɗan tulin yashi ya buga, ba da wani ƙarfi ba. Na ga ta tashi, na ga ta sauka a bakin baƙin yashin, ta yi tsalle, ta gangara, ta ɓace a gindin karan tuta. Ni na ɗauka ta wuce baya. Da na juyo sai na ga Habu bai motsa ba, sandar tana sama yadda ya ƙare bugun. Ya ce in je in duba ni kaɗai, shi ba zai matsa kusa ba, kada wata rana a ce shi ya sa ta. Na sauka kwarin na hau, na leƙa gwangwanin, na dawo.

"Tana ciki?"

"Tana ciki."

"Carbi nawa ka ja?"

"Ɗaya."

Ya zauna a ƙasa ya ɗora sandar a cinya. Ya ce duk zamansa a Kano sau ɗaya ya ga an yi haka, kuma akwai masu wasan da suke tsufa su mutu ba su taɓa yi ba. Na ga hawaye a fuskarsa, sai na juya ina gyaran sarƙar kekena wadda babu abin da ya same ta.

Al'adar masu wasan, wanda ya yi irin wannan bugun shi ke shayar da duk wanda ke wurin. Abin da suke sha Habu ba ya sha, saboda haka ya ce goro ne daidai. A wannan shekarar ta yunwa ya je ya sayi ƙwaryar goro, ana sallame La'asar ya tsaya a ƙofar masallaci yana rabawa. Lokacin Hajara tana da tsohon ciki, don haka duk wanda ya karɓa sai ya ce barka, me aka samu, mace ko namiji. Wani ma har ya fara tambayar ranar suna. Habu ya yi bayani iya ƙoƙarinsa, ya nuna nisan da hannu, ya ce bugu ɗaya. Baba Ɗanladi, ƙanin mahaifinsa, ya tsaya da ɓara goronsa ya dube shi.

"Wai da ma in ka buga ba ramin kake nufi ba?"

"Shi nake nufi, Baba."

"To ashe duk shekarun nan kuskure kake ta yi. Allah ya sa ka ɗore."

Aka fashe da dariya, ba ta mugunta ba. Habu ya nuna ni ya ce ga shaidarsa. Na miƙe na faɗi abin da na gani tiryan-tiryan, kamar a gaban alƙali. Liman yana murmushi ya ce shaida ɗaya ba ya tsayar da hukunci, balle taubashi, a je a nemo na biyu. Duk da haka aka shafa fatiha, don ba a cin goron mutum a tashi haka nan. Habu ma ya yi dariyar tare da su.

Kafin ruwa ya sauka ya roƙe ni muka hau mota zuwa Kano, wai in faɗa a gaban waɗanda suka san nauyin abin. Muka tarar tsohon da ya koya masa gyaran yashi ya rasu, abokan aikinsa sun watse, an ce wasu suna kudu suna buga wasan da kansu. Wani mutum mai jan buhu ya tsaya ya saurare mu da ladabi, na ba da shaidata. Ya tambaya a wane fili. Habu ya ce Ajingi. Mutumin ya ce, "Akwai fili a Ajingi?" Habu ya ce, "Akwai." Ya ce Allah ya sa albarka, ya ja buhunsa, don masu wasa suna tahowa. Tun daga ranar Habu bai ƙara ba kowa labarin ba. Ya ci gaba da zuwa fako, ni ma na ci gaba da jan carbi, amma farar ƙwallon ya mayar da ita safa ya ɗaure.

Bayan 'yan shekaru tari ya kama shi, ya yi ta cin sa a hankali. Zuwana na ƙarshe ruwan shuka ya sauka, ƙannensa duk suna gona, na same shi kwance a zaure, rediyon yana gefensa ba batir. Ya gaya mini ya damƙa 'yan matan ga ƙaninsa, gona kuma an san iyakarta. Sannan ya kama hannun rigata.

"Malam Ƙarami, shaidar nan wajenka kaɗai take. Ni ba a karɓar tawa a kaina."

"Na sani."

"To kada ka tafi da ita."

Na ce masa baƙauye ba ya mutuwa ana tsakiyar shuka, ya bari sai kaka. Ya yi dariya har tarin ya taso. Alhamis ba ta zagayo ba aka aiko mini ya rasu. Da makon gasar ya zo a daminar da ya rasu, na roƙi Hajara rediyon na sa masa batir na nemo Landan. Na ji Turanci, na ji tafi, na san wani ya ci. Babu wanda zan tambaya ko wane ne, babu kuma wanda zai tako keke cikin ruwa ya gaya mini. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko da matata ta rasu gidan cike yake da mutane.

Yau fakon babu shi. An yanka filaye an yi gine-gine, kukar ma ta faɗi. Sandar Hajara ta yi ta kaɗo tsamiya da ita har kan ya fita, aka kai maƙera. Ƙwallon ta shiga hannun yara, daga nan ba a sake ganin ta ba. Bara jikata Rabi, wadda ke koyarwa a Kano, ta nuna mini gasar a wayarta. Na ga tekun, na ga butar azurfar da Habu ya yi ta ba ni labari bai taɓa ganin ko hotonta mai kyau ba. Duk bugu ɗaya ana ɗaukar sa ta gaba da ta baya, a maimaita shi a hankali, duniya duka tana kallo. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san da farko zai tambayi wa ke gyara ciyawar nan, kuma ko ana barin masu ɗaukar jaka su buga in manya sun shiga cin abinci. Zai ji daɗin cewa yanzu manomi a Gafasa yana iya sanin wanda ya ci tun kafin a gama tafi. Bayan nan ina jin zai tsaya yana kallon yawan shaidun da kowane ɗan wasa yake da su. Na ba Rabi labarin fakon. Ta ce, "Allah sarki Malam, da lokacin akwai waya." Ta yarda da ni irin yardar da ake yi wa tsofaffi.

In na auna abin da ya rage na Habu, ba shi da yawa. An raba gonar, an sake rabawa. Akwai takwaransa a cikin jikoki, mai sayar da kayan babur, bai san komai a kansa ba sai suna. Ya ciyar da uwarsa, ya aurar da ƙannensa, bai ci haƙƙin kowa ba, wannan yana wajen Allah, ba ya bukatar shaidata. Abin da ke bukatarta shi ne abu ɗaya da ya yi don kansa a duk rayuwarsa, wanda ya bar Kano dominmu bai samu inda zai nuna shi ba. Na san akwai malamai 'yan'uwana da za su ce tsoho ya rasa abin rubutawa sai ƙwallo. Su faɗa. Ni dai amana aka ba ni, kuma mai ita bai ce mini ƙarama ce ba.

A littattafan da na karanta gaban mahaifina, shaidan da ciwo ko tsufa ya ci ƙarfinsa yana iya kiran adilai biyu ya ɗora musu shaidarsa, su riƙe ta a bayansa. Na nema a Gaya, duk wanda na fara gaya wa sai in ga murmushin Baba Ɗanladi a fuskarsa. Shi ya sa na kawo ta nan.

Ni Isiyaku ɗan Malam Yusha'u na Gaya, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na shaida cewa wata Alhamis da hantsi, ranin da ya bi babban fari, a fakon da ke tsakanin Ajingi da Gafasa, Habu ɗan Garba, manomi, ya buga farar ƙwallo daga gindin kuka ta ƙetare kwari ta faɗa gwangwani da bugu ɗaya. Ina tsaye a bayansa, carbi ɗaya na ja, ni na leƙa na gan ta, shi bai matsa kusa ba. Ku shaida a kan shaidata. Ba sai kun gane wasan ba, ni ma har yau ban gama gane shi ba. Mutum biyu kawai nake nema a cikinku.

Allah ya jiƙan Habu, ya haskaka kabarinsa. In an samu biyun, ni ma sai in kwanta.